Sabon Wuyan Dieka

A layinmu ba a jan labule da rana. Kowane gida da ƙatuwar tagarsa mai kallon titi, duk wanda ya wuce a kan keke yana iya ganin abin da kike ci da wanda kike ci da shi. Labulen yana nan, ana wanke shi ana goge shi, amma a gefe yake rataye sai ranar da aka yi rasuwa a gidan. Ni Jantien a wannan ƙauyen na yankin Twente, gabashin ƙasarmu kusa da iyakar Jamus, aka yanke mini cibiya, a nan na tsufa, ba wanda zai koya mini wannan. Duk da haka da hannun nan nawa na ja labulen Dieka wata Talata da rana tsaka, kuma kada wanda ya harare ni, ita ce ta sa ni.

Dieka ƙawata ce tun muna 'yan makaranta, ƙofarta na kallon tawa. Mijinta Lammert mutumin kirki ne, ba ya giya, ba ya faɗa, sai dai in kin ji muryarsa sau uku a yini to ranar ya yi surutu. Wata rana muna shan kofi a kicin ɗinta, sai ta kama fatar da ta saki a ƙarƙashin haɓarta da yatsu biyu, ta jawo ta gaba, ta sake ta.

"Kin ga wannan, Jantien? Talotalo."

"Kowa na da shi. Ni nawa hawa biyu ne."

"Ke mijinki ya mutu, ba ki da mai ƙin kallonki."

"Na gode da tuni."

"Da gaske nake yi. Rabon Lammert da ya kalli fuskata tun muna cefane da tsohon kuɗinmu gilda. In shiga, in fita, in sa sabuwar riga, in rage gashi, oho. Ran nan na zauna gabansa da tabarau biyu a fuska, ɗaya kan ɗaya, har muka cinye dankali bai ce komai ba. So nake kafin in mutu mutumin nan ya kalle ni sau ɗaya, kallo na gaske. Iyakar abin da nake so ke nan."

Na so in yi dariya, amma sai ta ba ni tausayi. Shekara arba'in da ɗoriya suna tare, ga shi tana roƙon abin da ko karen gida yana samu kyauta.

Ashe har ta riga ta samo wani asibitin gyaran jiki a wani birni can yamma, inda ba wanda ya san mu. Ni na raka ta. Likitan matashi ne, fuskarsa sumul kamar bai taɓa jin mugun labari ba. Ya ɗauko alƙalami mai shuɗin tawada yana zana mata layuka a wuya yana bayani. Za a tsaga bayan kunnuwa da ƙarƙashin haɓa, a ɗaure naman da ya saki, a ja fata baya, abin da ya yi yawa a yanke.

"Abin da kuka yanke ɗin fa, ina kuke kai shi?" in ji Dieka.

"Zubarwa muke yi, madam."

"Duka?"

"Duka."

"Asara," ta ce. Matar da ke wanke jakar leda ta shanya, ai dole abin ya tsaya mata a rai.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, kada kowa ya sani. A garinmu macen da ta rina gashi sai an yi da ita har Kirsimeti, balle wadda ta kai kanta aka yanka don ado. Shi kuwa Lammert, so take ya dawo ya tarar da ita haka, ya ɗauka daga Allah ne. Duk lokacin kaka yakan tafi kamun kifi wani tafki a Jamus tare da 'yan ƙungiyarsu, su yi kusan sati biyu a bakin ruwa ba wanda ya ce wa wani uffan. Motarsa na shan kwana muka shiga tawa.

A asibitin ta kwana. Washegari na kwaso ta a bayan mota lulluɓe da bargo, na shigo da ita ta ƙofar baya. An naɗe mata kai da farin bandeji tun daga haɓa har tsakar ka, fuskar ta kumbura, nan rawaya nan shuɗi. Likita ya ce a rigingine za ta kwanta, kada ta juya wuya, kada ta yawaita magana. Matakalar gidajenmu kuwa tsani ce da aka yi wa fenti, ba za ta hawu ba. Sai na jawo gadon baƙi na kafa mata a falo, daidai taga.

"Ja labulen," ta ce ta tsakanin haƙora.

"Haba Dieka, da rana tsaka?"

"To bar shi, Aaltje ta zo ta ɗauki hoto."

Na leƙa titi, ba kowa, ranar kasuwa ce. Na ce a raina kafin mutane su dawo na je na dawo, sai mu san dabarar yi. Na ja labulen, na ba ta ƙwayar da ke sa barci, na tafi garin gaba sayo sauran magunguna, don mai kemis ɗinmu bakinta ba ya rufuwa.

Aaltje ita ce maƙwabciyarmu ta ƙarshen layi, kuma ranar ba ta je kasuwa ba saboda gwiwa. Gwiwar ba ta hana ta ganin labulen ba. Ta ɗingiso, ta kafa ido a 'yar kafar da ke tsakanin ɓarayin labulen biyu. Me za ta gani? Dieka a rigingine cikin farar rigar barci, hannaye a ƙirji, haɓa a ɗaure da farin ƙyalle. Aaltje ta wanke gawa a garin nan ba adadi tun kafin kamfanonin jana'iza su karɓe aikin, ta san ɗaurarriyar haɓa in ta gan ta. Ba ta ko ƙwanƙwasa ba, kai tsaye ta nufi gidan Berend.

Berend shi ne maƙwabcin su Dieka na katanga ɗaya, don haka a al'ada shi ne mai aikin: shi zai sanar da layi, shi zai sa a buga ƙararrawa, shi zai haɗa masu ɗaukar akwatin gawa. Tun da ya yi ritaya daga kamfanin madara yake jiran wannan rana. Rasuwar ƙarshe da aka yi a layin, 'ya'yan mamacin suka kira kamfani ba su ko gaya masa ba, har yau bai huce ba. Baƙar kwat ɗinsa a goge take rataye a bayan ƙofa, sawa kawai ya yi.

Ni ina dawowa tun daga kan gada na ji ƙararrawar coci, bugun nan mai nauyi na mamaci. Na ce Allah sarki, wa kuma aka rasa? Ina shigowa layi na ga kekuna jingim a ƙofar Dieka, mutane cirko-cirko cikin baƙaƙen kaya, wasu da jakar cefane a hannu. Kafin in rufe ƙofar mota Aaltje ta rungume ni.

"Wayyo Jantien, ke kaɗai kika yi komai? Me ya hana ki kira ni? Amma fa kin iya ɗauri, tsakani da Allah, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan."

Berend ya matso, hula a hannu, fuskarsa cike da alhini da jin daɗi a haɗe.

"Sai haƙuri, maƙwabciya. Kada ki damu da komai, na shirya. Na samu masu ɗauka, fasto yana hutu amma na bar masa saƙo. Ba kamfanin da zai taka gidan nan sai mai gida ya iso. Na kira shi."

"Ka kira wa?"

"Lammert mana. Yana hanya."

Na ce su ba ni wuri in ɗan gyara ta, na buɗe ƙofa da makullina na shiga na kulle. Dieka idonta biyu, ƙararrawa ce ta tashe ta.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Ke."

Na gaya mata komai ina tsaye a kanta, na ce maza ta tashi in kama ta ta fita ta ba mutane haƙuri. Ta kafa wa silin ido.

"In fita in ce musu me? In ce ban mutu ba, wuya na je aka ja mini? Gaban Aaltje? Na rantse gara a binne ni."

"Dieka, kina da hankali kuwa? An kira mijinki!"

"Me ya ce?"

"Wa?"

"Lammert. Da aka gaya masa me ya ce?"

Na buɗe ƙofa kaɗan na tambayi Berend, na dawo. Na so in yi mata ƙarya amma ba na iyawa da ita.

"Wai bai ce komai ba. Ya kashe waya."

"Kin ji ko? Ko mutuwata ba ta isa ta buɗe masa baki ba." Ta gyara hannayenta a ƙirji, ta lumshe ido. "To zan jira shi a haka. In ga ko gawata zai kalla."

Ba irin faɗan da ban yi mata ba. Na ce tsoho yana gudu a babban titin Jamus da labarin mutuwar matarsa a ka, in wani abu ya same shi wa za a tambaya? Na kira wayarsa na sake kira, a kashe. Na ce zan fita in tona asiri da kaina. Ta buɗe ido ɗaya ta ce in na yi haka, ni da ita har abada, kuma in dawo mata da injin ɗinkinta yau ɗin nan. Ina cikin wannan Berend ya ƙwanƙwasa, wai layi na son yin bankwana, kuma ba a barin maƙwabta a tsaye a titi, ba a taɓa yi ba. Raina a ɓace yake, amma na lulluɓe ta da bargo mai kauri har ƙirji don kada a ga numfashi, na kunna kyandir ɗaya can nesa da ita, na buɗe.

Bibbiyu suka riƙa shigowa, ina tsare da gefen gado kamar 'yar sanda. Mutanenmu ba su iya ɓoye abin da ke ransu ba ko a gaban gawa.

"Tabɗi," in ji matar mai burodi. "Ta yi kyau fa. Dubi gefen fuskar nan."

"Mutuwa ta karɓe ta," in ji wadda ke bayanta. "Ta rage shekara goma."

"Ɗaurin ne," in ji Aaltje, wadda ta shigo tun da rukunin farko ta ƙi fita. "Jantien, in tawa ta zo ke za ki ɗaure ni, na faɗa a gaban shaidu."

Shugaban mawaƙan coci ya tsaya ya sunkuyar da kai, ya ce Allah Ya jiƙanta, mace ce mai zuwa kan lokaci, kuma yanzu da ba ta nan ana iya faɗa, kullum muryarta a bayan ta kowa take. Na ga babban yatsan ƙafar Dieka ya motsa a ƙarƙashin bargo, na yi maza na zauna a kai. Wata kuma ta jawo ni gefe ta raɗa mini, ba wai tana gaggawa ba ne, amma keken nan na Dieka mai batir, Lammert zai sayar ko kuwa? Don ta ga sabo ne, kuma zama zai lalata batirin.

Can sai cikin Dieka ya yi ƙugi. Tun jiya ba abin da ta sa a ciki sai ruwa. Ƙugi ne mai tsawo, ya hau ya sauka, kowa ya ji. Na fara tarin ƙarya, amma Aaltje ta ɗaga hannu.

"Ba komai, suna yin haka. Marigayi mijina har gyatsa ya yi."

Berend kuwa yana zagaye gadon yana auna ta da ido, yana motsa baki. Ya ce ba ta da nauyi, masu ɗauka za su ji daɗi. A kicin an riga an ɗora kofi, an kawo kek, Aaltje ta leƙa ta ba da umarni a yanka shi siriri don jama'a da yawa. Ba wanda ya tambaya ko likita ya zo, kowa ya ɗauka wani ya tambaya.

La'asar ta yi sosai lokacin da muka ji ƙarar birki a waje. Lammert ya ajiye motar rabi a titi rabi a kan furannin Berend, ya bar ƙofarta a buɗe. Da takalman roba ya shigo, masu kaiwa har cinya, yana ƙarnin kifi. A kan kafet ɗin Dieka! Mutane suka dare masa. Berend ya miƙa hannu ya fara jawabin da ya tanada, Lammert ya wuce shi ko gani bai yi ba. Ya jawo kujera ya zauna a bakin gado. Sauran suka cunkushe a ƙofar falo, ba mai tari.

Ya kalle ta. Ni ce shaida, ina tsaye daf da su. Ya kalli goshinta, ya kalli idanun, ya kalli bakin, a hankali, kamar mai karanta takarda da ƙananan rubutu. Ya daɗe yana yi. Abin da matar nan ta sa aka yanka ta dominsa ga shi ana yi mata, ita kuma ido a rufe, ba damar gani. Takaici ya kama ni har na ji kamar in tsunkule ta.

"Wa ya ɗaure ta haka?" ya ce a ƙarshe.

"Jantien ce," in ji Aaltje. "Kuma ta iya."

"Ba ta son abu a wuya. Ko sarƙa ba ta sawa."

Kafin in hana shi ya sa hannu ya ɓalle bandejin, ya zare shi a hankali. Wuyan ya bayyana, a kumbure, shuɗi-shuɗi, da ɗan ɗinki a ƙarƙashin haɓa, amma a miƙe sumul tun daga kunne har ƙirji. Matan da ke ƙofa suka yi ajiyar zuciya a tare. Lammert ya tsaya da ƙyallen a hannu.

"Wannan ba wuyanta ba ne."

Matan suka dubi juna.

"Ina sauran?" Ya juyo kaina, ban taɓa ganin idonsa haka ba. "Jantien, ina sauran? Berend, wa ka bari ya taɓa ta?"

"Ba kamfanin da ya shigo gidan nan," in ji Berend da sauri. "Na rantse."

"Lammert, zauna," na ce. "Fata ce kawai."

"Fata?" Ya koma ya zauna, ya kai yatsa kusa da wurin bai taɓa ba. "Ku ba ku sani ba. Fuskar Dieka ba ta faɗar komai, tun tana budurwa. Haka duk 'yan gidansu suke. Amma nan wurin yana faɗa. In tana danne dariya a coci, rawa yake yi. In tana fushi, sai ya yi ja ya tsaya cak. In ta ce mini ba komai alhali da komai, sai ya hau ya sauka sau biyu."

"Ikon Allah," in ji Aaltje.

"Yi mana shiru," in ji matar mai burodi.

"Farkon aurenmu ba shi da yawa, na sha wahala," Lammert ya ci gaba, da gawar yake magana yanzu ba da mu ba. "Sai in ɗauka kina murna ashe fushi kike. Da muka fara tsufa ya ƙaru, na samu sauƙi. 'Yan shekarun nan ba na kuskure ko ɗaya. Ranar da kika sa tabarau biyu ma na gani, na ga yana ta rawa, na ce wasa take yi, bari in ƙyale ta ta ji daɗinta." Ya share hanci da bayan hannu. "Tun daga tafki nake gudu, abu ɗaya nake so. In gan shi, in san ko da fushina kika tafi. Yanzu an cire. Ta ina zan sani?"

Na rantse ni kaina na manta da rai gare ta, hawaye nake yi sosai. Shugaban mawaƙa yana fyace hanci. Sai muka ji murya daga kan gado, siririya, ta tsakanin haƙora.

"Ba wasa nake yi ba ranar, sakarai. Kuka nake dannewa."

Matar mai burodi ta ƙwalla ƙara ta yar da jakarta, albasa ta watse a ƙasa. Wasu suka yi waje da gudu suka yi karo da masu shigowa. Aaltje ta dafe bango, amma ba ta suma ba, don in ta suma wa zai ga sauran? Berend ne ya fi kowa shiga wani hali. Ya yi fari fat, sannan ya yi ja.

"Maƙwabciya, an fa riga an buga ƙararrawa!"

"To a je a ba ta haƙuri," in ji Dieka.

"Na tara masu ɗauka! Ɗaya har aiki ya baro!"

"Tiyata ce," na ce da ƙarfi, don na gaji. "Wuya aka gyara mata. Kun ji, kun gani, sai ku je ku yi da ita har Kirsimetin baɗi."

Matar mai burodi ta tsugunna tana tsince albasarta, ba ta ɗago ba ta ce a wane gari ne asibitin, ba don kanta take tambaya ba. Mai son keke ta sulale. Aaltje ta gyara tsayuwa ta ce ita dai kek an riga an yanka, ba ya komawa, kuma kofi zai huce. Da haka suka ɗunguma kicin, Berend na biye yana ta faɗin ba a taɓa yi masa irin wannan ba.

Muka rage mu uku a falo. Lammert bai motsa daga kujerar ba. Na karɓe bandejin daga hannunsa na mayar mata kamar yadda likita ya nuna mini.

"Kin mutu ko ba ki mutu ba?" ya ce.

"Ban mutu ba."

"To."

Can ya ce ya baro sandunan kamun kifinsa a cikin ruwa. Ya dubi farin ƙyallen da ya rufe wuyan, ya dubi gefe da gefe, ba abin gani. Dole ya ɗago ya dubi idonta, ita ma tana dubansa, kumburarriyar fuskar nan ba ta faɗar komai.

"Ba za a iya mayarwa ba?"

"Sun zubar."

"Duka?"

"Duka. Na tambaya."

"To yanzu ya zan yi?"

"Ka tambaye ni."

"Da baki?"

"Da baki, Lammert."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya ja dogon numfashi irin na wanda aka ɗora wa aikin da ya fi ƙarfinsa. Ya matso da kujerar har gwiwarsa ta taɓa gado, ya gyara murya.

"Yanzu fushi kike?"

"Fushi nake. Dubi kafet ɗina."

Ya sunkuya ya tuɓe takalman robar da ƙyar, ya ajiye su a kan cinyarsa ya rungume, ruwan tafki na ɗiga masa a wando. Ya sake kafa mata ido, ya jira kaɗan.

"Yanzu fa?"

Hawaye ne suka gangaro ta gefen ido suna shigewa cikin bandeji, ita kuma ba damar juya kai ta ɓoye. Ya duba hagu da dama bai ga hankici ba, sai ya sa hannun rigarsa mai ƙarnin kifi yana share mata, yana cewa ta yi haƙuri, bai gane wannan ba tukuna, amma ta ba shi lokaci zai koya.